Jan Fenti a Bayan Ragar Lawali

Ƴan matan lise, wato babbar sakandare, da ke biyowa ta ƙofar shagonmu in an tashi sukan tsaya su kalle ni ina aiki. Ba a rasa wadda za ta ce, "Yaya Sahura, ai wannan ko ni zan iya. Rubutu ne kawai, sai dai alƙalamin ya fi girma." Nakan miƙa mata buroshi da guntun kwali, in ce ta ja mini layi ɗaya miƙaƙƙe. Takan ja, layin ya fara da ƙiba ya ƙare da rama, fenti ya gangaro kamar hawaye, ƙawayenta su yi ta dariya. Sai in gaya mata wannan shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin sana'ar, wata shida ya ishi hannu ya koya. Mai wuyar kuwa, shekara goma sha uku ke nan ina fama da shi, kuma har yau ban tabbata na iya ba. Saboda su na zauna rubuta wannan.

Aikina na farko allon bayan amalanke ne. Kafin a bar ni in taɓa shi sai da na yi wata uku ba abin da nake yi sai wankin buroshi cikin kananzir. Kawu Isufu, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai shagon. Littafin rubutuna na lakwal, wato makarantar boko, ya gani wata rana, ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce wa mahaifiyata, "Wannan hannun kar a bar shi ga taɓarya kaɗai." Daga nan nake zuwa wurinsa duk yamma da duk hutu. Mai amalanken mutumin ƙauye ne, sunan jakinsa yake so a rubuta da tsanwa. Harafi biyar ne kacal, na yi yini guda a kansu. Da na gama Kawu ya ja da baya taku goma, ya runtse ido ɗaya, ya ce harafin ƙarshe yana neman faɗuwa daga amalanken. Ya sa na goge duka.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Buroshi uku ne: babba mai faɗin yatsa huɗu don shafe, matsakaici don cika ciki, da ƙarami wanda Kawu ke haɗawa da kansa da gashin wutsiyar akuya, ya ɗaure a bakin kara. Akwai zare da garin bula. Ana turmuza zaren a garin, mutum biyu su ja shi ya miƙe, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar layi shuɗi siriri wanda haruffa za su zauna a kai. Akwai alli, da reza, da soso. Sai kwalayen haruffa, waɗanda muke yankawa daga kwalin sabulu, mu shafe su da baƙin man inji don kar su sha fenti su yi laushi. Suna rataye a bango, kowane da ƙusarsa, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Da rana in iska ta shigo sukan yi motsi a hankali, har in riƙa jin kamar hira suke yi wadda ba a gayyace ni ba.

Akwai abubuwan da ba a koya sai da asara. Ba a fenti in hadari ya haɗo, danshi yana hana shi kamawa. Fentin ƙarfe daban, na ƙyalle sai an tsinka shi, in ba haka ba ya bushe ya tsattsage wurin naɗewa. Rana kuma ta fi cin ja a kan kowane launi. Baƙi yakan yi shekara biyar a allo, ja kuwa damina biyu ta ishe shi ya koɗe.

Wani direban babbar mota ya taɓa kawo mana aiki, yana son a rubuta a bayan motarsa cewa mai jiran faɗuwarsa ya nemi kujera. Na tambaye shi da wa yake. Da ya tafi Kawu ya zaunar da ni ya ba ni dokokin shago. Ki ƙirga haruffa kafin ki ja layi. Ki karanta wa mai aiki abin da ya ce sau uku da ƙarfi, domin da yawansu ba su karanta boko, kuma ba za su gaya miki ba. Kada ki tambayi dalili. "Mu hannu ne," in ji shi. "Bakin na mai aikin ne." Na riƙe wannan shekara tara, kuma ya yi mini daidai. Masu shayi, teloli, masu gyaran waya, masu amalanke da ke shigowa Matameye ranar kasuwa, duk na rubuta musu abin da bakinsu ya faɗa, na kwana lafiya.

Yanzu sai in yi bayanin ƙwallo, don a gane abin da ya biyo baya. Duk babban hutu na damina ana gasa tsakanin unguwanni da ƙauyukan kewaye. Ƙungiyar unguwarmu Guguwa ake ce mata. Wasan da kowa ke jira shi ne namu da Rijiyar Kanya, wani ƙauye da ke kan hanyar Kurni. Wanda ya kafa ƙauyen ɗan ɗiyar wanda ya kafa unguwarmu ne. Ke nan su ƴaƴan mace, mu ƴaƴan namiji, taubasai ne mu gari da gari. Mu muna ce musu bayinmu. Su suna ce mana iyayen gida matsiyata, waɗanda ba su iya ciyar da bawa ko sau ɗaya a yini. Ranar wasa sukan zo da tsintsiya, maza da mata, su share gaban ragarmu kafin a fara, suna cewa aikin iyayen gida suke yi, kuma in an tashi za su share mu mu ma. Mu kuma mu bi su da goro da ruwan sanyi muna yi musu tsiya.

Cikin wannan na tashi. Kakata in ta hango matan Rijiyar Kanya a ƙofar gida takan ce, "Ga bayina nan sun zo cin banza," ta tashi da sauri ta dama musu fura da hannunta. A kunnena kalmar tana tafe da ƙamshin fura da dariyar tsofaffi. Na yi lakwal har na ci bak, jarrabawar gama lise, na karanta tarihin cinikin mutane, na san ma'anarta a littafi. Amma ta littafi da ta ƙofar gidanmu ban taɓa zaunar da su wuri ɗaya ba.

Aikin da ya jawo mana shekarar wahala ya zo ne lokacin da Kawu ya tafi Kano a cire masa yanar ido. Karo na farko ke nan da aka bar mini shago ni kaɗai. Ɗan Ladi, ɗan kabu-kabu, shugaban magoya bayan Guguwa, ya shigo da farin yadi shida a kafaɗa.

"Malama mai fenti, yau za ki nuna mana bak ɗin nan taki. Kalma uku nake so, amma a hango su daga garin Dungu."

"Faɗi in ji."

"Bayinmu ku rusuna."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Na ƙirga haruffa, na karanta masa sau uku. Ban tambayi inda za a rataya ba, ba ya cikin dokoki. Ja ya zaɓa. Na shimfiɗa ƙyallen a ƙasa bisa tabarma, na danne kusurwoyinsa da duwatsu, na sauko da manyan kwalaye, waɗanda tsayinsu ya kai kamu guda. Na buga fentin da soso a hankali, sannan na bi gefen kowane harafi da buroshin akuya. Yini biyu na yi. Gaskiya zan faɗa, ban taɓa aikin da ya kai shi kyau ba. Da ya bushe na ɗaga shi a rana, jan yana ƙyalli kamar garwashi, na yi fatan idon Kawu ya warke da wuri ya gani.

Ranar wasa ina gefen mata. Mutanen Rijiyar Kanya suka zo da tsintsiyoyinsu, aka yi shara, aka yi tsiya, aka ci goro. Da aka ɗaga ƙyallen a gefenmu suka kwashe da dariya, wata tsohuwarsu mai suna Iya Tabawa har da rusunawa tana juya mana baya. Ba wanda ya ji komai. Sai da aka dawo hutun rabin lokaci, aka sauya raga, samarin Guguwa suka ɗauki ƙyallen suka ɗaure shi a sanduna biyu daidai bayan ragar Rijiyar Kanya, don a rikita mai tsaronta.

Mai tsaron ragar Lawali ne, dogo, marar yawan magana, yana koyon gyaran moto, wato babur. Ya waiwaya ya karanta. Ya daɗe yana kallo, har aka buga ƙwallo bai juyo ba. Sannan ya cire safar hannunsa, ya ajiye su a kan layi ɗaya bisa ɗaya, ya fita daga fili yana tafiya ba gaggawa. Ana ta kiransa bai waiwayo ba. Wasan ya watse a nan. Kafin ya fita wani ya riga ya ɗauki hoto da waya: Lawali tsaye shi kaɗai, jajayen haruffana a bisa kansa. Kafin kwana uku hoton ya kai Damagaram, ya kai Kano, ya kai wurin mutanenmu da ke ci-rani a Aljeriya.

Da Kawu ya dawo, ido ɗaya a rufe da auduga, na ba shi labari. Tambaya ɗaya ya yi.

"Wa ke cikin ragar?"

"Lawali."

Ya dafe audugar idonsa har na zaci ciwon ne ya motsa. Sannan ya gaya mini abin da duk tsofaffin garuruwan biyu suka sani, ba mai faɗa. Kakan Lawali, Nagode, ba jinin mai kafa ƙauyen ba ne. Kawo shi aka yi yana yaro, an saye shi da gaske, ba da wasa ba. Ya girma a can, ya yi aure, ya haifu, ƴaƴansa suka zama ƴan gari. Kawu ya ce, "Ki tuna da kyau. Kin taɓa ganin yaron nan da tsintsiya a fili?" Na tuna. Shekara da shekaru ana shara, shi yana can gefe yana ɗaure takalmi. Ban taɓa lura ba sai a ranar.

"Amma Kawu, kai ka ce mu hannu ne."

"Na ce. Sai dai hannun nan akwai ido a samansa. Nawa yana Kano, naki kuma ban koya masa inda zai duba ba."

Mai unguwa ya tara mutane a zaurensa bayan la'asar, aka kira ni ni ma, na zauna bakin ƙofa. Ban taɓa jin an juya kalma ɗaya haka ba. Ɗan Ladi ya fara.

"Ranka ya daɗe, kakana ya faɗe ta, ubana ya faɗe ta, yau ni na faɗa sai a ce na yi zagi? A fili ana ce wa alƙalin wasa makaho, ana ce wa mai tsaron ragarmu kwando, ba wanda ya kai ƙara. Fili wurin sakin baki ne. In aka tsinci kalma ɗaya aka hana yau, gobe a hana tafi. Ƙasar nan kowa yana da ƴancin magana, ko an soke ban ji ba?"

Mushe Amadu, malamin lakwal da aka kawo mana daga yamma, ya gyara tabarau. Ya ce kalmar ma'anarta ɗaya ce, mutumin da aka saya aka sayar kamar akuya, kuma dariya ba ta wanke ta. Ya ce ƴancin magana bai haɗa da taka mutuncin wani ba, kuma irin wannan wasa ya kamata a bar shi tun tuni.

Iya Tabawa ta tofar da goro a tafin hannu ta dube shi.

"Mushe, kai ɗan ina ne?"

Ya faɗa.

"To shi ya sa. Ni shekara saba'in ana ce mini baiwa a unguwar nan, kuma ban taɓa fita da ƙwarya wayam ba. Ranar da mijina ya rasu, waɗannan matsiyatan ne suka haƙa kabari. Kalmar nan tawa ce, da ita nake shiga kowane gida ba sallama. Kai ka zo da littafi za ka ƙwace mini?"

Aka yi dariya. Ina zaune ina jin kowa, kuma duk wanda ya yi magana sai in ga shi ke da gaskiya, har na gaba ya buɗe baki. Mai unguwa ya juya ga Lawali, wanda tun da aka fara bai ɗaga kai ba.

"Kai fa, yaro? Tun kana goye ake faɗar ta a gabanka."

"Ana faɗa, Baba. In an faɗa da baki, gari duka ake gaya wa, ni ina cikin gari, iska ta kwashe. Wannan a kaina aka rataya shi, ni kaɗai. Ƙanwata tana lakwal a Damagaram. Ƴan ajinsu sun nuna mata hoton, sun ce ashe haka ne."

Ɗan Ladi ya ce, "Wallahi ba da kai na yi ba, Lawali. Ban ma tuna ba."

"Na sani. Hoton ne bai sani ba."

Daga nan mai unguwa ya hango ni. "Ke mai rubutu, ke kika yi karatu. Lokacin da kike rubuta ta, me take nufi a ranki? Zagi ko wasa?" Duk aka juyo. Na nemi amsa mai kyau ban samu ba, sai na faɗi gaskiya. Na ce lokacin ina tunanin ko hannuwan harafin Y sun yi daidai da juna. Wasu suka yi dariya. Lawali bai yi ba, ya dube ni karo na farko. Aka tashi a kan cewa daga yanzu ba a rubuta kalmar, ba a kuma faɗar ta a fili. Ɗan Ladi ya fita yana cewa an ɗaure masa baki, Iya Tabawa ta fita tana cewa an yi mata fashi, Mushe yana cewa hukuncin bai isa ba. Lawali ya bar ƙwallo daga ranar.

Ƙyalle na biyu ba wanda ya sa ni. Da hutun damina ya zagayo na sayi yadi da kaina, na ce zan gyara abin da na ɓata. Na kwana biyu ina zaɓen kalmomi, ina neman waɗanda ba ƙaya a jikinsu ko ɗaya. Na rubuta da tsanwa: barka da zuwa manyan baƙinmu. Na nuna wa Mushe Amadu, ya ce wannan shi ne wayewa. Kawu idonsa bai gama washewa ba, ya shafa ƙyallen ya ce layin ya miƙe.

Aka rataya shi a bakin fili. Mutanen Rijiyar Kanya suka iso da tsintsiyoyinsu kamar kullum. Gefenmu kowa ya kama bakinsa saboda dokar mai unguwa, sai tafi ake yi musu a hankali, irin wanda ake yi wa babban mutum in ya zo daga Yamai. Suka tsaya suna dube-dube. Iya Tabawa ta sa aka karanta mata ƙyallen. Ta sa aka sake.

"Baƙi," in ji ta. "Yau mu ne baƙi a gidan kakanmu."

Ta ajiye tsintsiyarta a ƙarƙashin ƙyallen. Na bayanta ya ajiye, na bayansa ma haka, har suka yi tsibi. Suka juya suka hau amalankensu. An buga wasan ba mai kallo daga gefensu, kuma ba na jin akwai wanda ya riƙe yadda aka tashi.

Wannan ita ce shekarar wahala. Rabin aikinmu daga Rijiyar Kanya da ƙauyukan da ke bin ta yake zuwa: allunan amalanke, sunaye a buhuna da ƙofofi, allon injin niƙa. Duk ya tsaya. Ranar kasuwa ina zaune ina kallon amalanken da na rubuta da hannuna suna wucewa, masu su suna kallon gaba. Ƴan Guguwa ma suka daina zuwa, wai ni na jawo aka rufe musu baki. Fenti ya yi fata a gwangwani. Nakan buɗe in yaye fatar in rufe, don dai hannu ya sami abin yi. Buroshin akuya ya bushe har ya karye.

Na hau moto na je ƙauyen ba Iya Tabawa haƙuri. Na same ta tana sussukar gero. Ta karɓe ni da ladabi, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce "sannu da zuwa, Malama." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Iya, na zo ne ki gaya mini laifina. Na rubuta zagi an yi fushi. Na rubuta girmamawa an fi yin fushi."

"Na farko mutum ɗaya kika soka. Na biyu korar mu kika yi duka."

"To me ya kamata in rubuta?"

Ta ci gaba da sussuka. "Wa ya ce ki rubuta?"

Na koma gida da wannan tambaya, ban san ko amsa ce ba. Kawu kuwa ya yanke shawara. Ya ce idonsa ba zai koma kamar da ba, shagon saboda ni yake riƙe da shi. In kaka ta wuce amalanken ƙauye ba su dawo ba, zai bai wa wani ɗan'uwansa wurin ya sa buhunan siminti, ni kuma in nemi aikin koyarwa. Na dubi kwalayen da ke bango.

An gama yankan gero, an fara ɗaurin dami, wata ranar kasuwa da hantsi moto ya tsaya a ƙofar shago. Lawali ne, da fallen ƙarfe ɗaure a baya. Ya gaida Kawu, ya kwance ƙarfen ya jingina a bango. Ya ce ya buɗe rumfar gyaran moto a mararrabar ƙauyensu, allo yake so.

Na ɗauko alli. "Me za a rubuta?"

"Lawali jikan Nagode. Gyaran moto."

Kawu ya ɗaga kai. Sunan nan ba a kiransa a bainar jama'a, duk wanda ya manyanta ya san irin mutanen da ake raɗa wa shi a da.

"Ɗana," in ji Kawu, "sunan mahaifinka ai ya isa."

"Na kakana nake so, Baba."

Na ƙirga haruffa. Na tambaye shi launi, ya ce ja. Na ce rana tana cin ja. Ya ce ya sani. Na tambaye shi girman haruffa, ina nuna masa kwalayen tsakiya, waɗanda ake yi wa rumfuna. Ya girgiza kai, ya nuna na can sama.

"Irin na wancan ƙyallen."

Na hau kujera na sauko da su. Tun wancan aikin ban taɓa su ba, gefensu duk busasshen jan fenti ne. Harafin A da zan sa a sunansa shi ne wanda ya tsaya a bisa kansa, haka N, haka I. Ya gani, na ga ya gani. Saura doka ta biyu. Na fara karanta masa a hankali, sai ya ce, "Ba haka kuke yi ba. Da ƙarfi, sau uku." Ya fita ya tsaya a bakin hanya. Na tsaya a ƙofar shago, kasuwa tana ci, amalanken ƙauyensu suna wucewa, na karanta sunan Lawali da na kakansa sau uku da ƙarfi. Wani mai amalanke ya ja linzami ya tsaya. Lawali ya ce, "Haka ne," ya hau motonsa.

Kwana huɗu na yi a kan allon, ya fi ƙyallen kyau. Kasuwa biyu bayan ya kafa shi, wani dattijo daga Rijiyar Kanya ya tsayar da amalanke a ƙofarmu, ya leƙo ya ce wa Kawu, "Matsiyacin ubangida, har yanzu ba ka mutu ba? Fito ka ga allona ya goge." Kawu ya tashi har yana tuntuɓe da gwangwani, yana cewa bawan banza, sai yau ka tuna da mai ciyar da kai. Ba a kawo siminti ba.

Yanzu shekara uku ke nan. Dokar mai unguwa ta mutu da kanta, ana faɗar kalmar a fili da baki, tsintsiyoyi sun dawo. Ni ban sake rubuta ta ba. Ɗan Ladi yana ce mini matsoraciya, Mushe Amadu yana cewa da na tsaya a kan ƙyalle na biyu da tarihi ya ba ni gaskiya, Iya Tabawa ta koma ce mini ƴar matsiyata. In na zauna ina jiran fenti ya sha iska nakan sake jera maganganunsu a raina, kuma har yau wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake bi. Abu ɗaya na ƙara a dokokin Kawu: kafin in ja layi nakan tambayi inda za a rataya, da wanda zai tsaya a ƙarƙashi. Wasu masu aiki suna jin haushin tambayar. Ban ce ta isa ba, ita dai na samu.

Lawali bai koma fili ba, ko kallo. Amma duk shekara bayan kaka, kafin jan ya gama koɗewa, yakan kwanto allon ya kawo a sabunta. Bana da ya zo na daure na tambaye shi. Na ce, "Lawali, don Allah, yafewa ce ta sa kake kawo mini, ko so kake kar in manta?"

Ya daɗe yana duban allon, kamar yadda ya dubi ƙyallen a ranar. Sannan ya sa yatsa a kan sunan kakansa.

"Nan ya fi koɗewa," in ji shi. "Ki ƙara masa ja."